Kallon Kitse Muke Yi wa Rogo

Da hantsi, a teburin mai shayi da ke daura da tashar motar Gummi, wani magidanci ya sauko daga bayan ɗan kabu-kabu yana haki. Ba shi ya tuƙo ba, tafiyar kuma daga ƙofar gidansa ce, wadda ana hango ta daga nan. Ya kwana biyu ba ya gari, an ce harkar zinariya ta karɓe shi. Nan da nan benci ya ɗauka: "A'a, Alhaji, kai ne haka? Tubarkalla! Ka yi ƙiba, ka yi kyau, kumatu sun hito. Lalle naira ta zamna." Ya yi murmushi, ya shafa tumbi, ya ce a haɗa masa mai kauri. Mai shayi ya san karatun: madara rabin gwangwani, sukari cokali huɗu, burodi da bota, ƙwai uku suna iyo cikin mai.

A ƙarshen bencin akwai wani malamin makaranta. Likita ne ya ce masa ya rage nauyi saboda hawan jini, ya kuwa dage, har babbar rigarsa ta fara yi masa yawa. Shi tasa gaisuwar daban ce. "Malam, lahiya dai ko? Mi ya same ka haka? Ko albashin ne ya maƙale?" Da ya tashi, wani ya rage murya ya ce, "Allah dai shi sa ba hannu anka sa mishi ba."

Cikin mutanen nan biyu, wanda ake yi wa jaje shi ne ya kama hanya, wanda ake yi wa barka kuwa shi ne ya kamata a ja gefe a yi wa magana. Daga Anka har Bukkuyum, daga Zugu har Gummi, da faɗin ciki muke auna lafiyar mutum, kuma wannan awo yana kwantar da magidanta a daidai shekarun da iyalinsu suka fi bukatar su tsaye.

1. Inda son tumbi ya samo asali

Ba wauta ce ta sa kakanninmu suka girmama ƙiba ba. Mutumin da ya san yadda rumbu yake ƙarewa tun gero bai fitar da kai ba, wanda ya ga shekarar da aka ci tafasa safe da yamma, dole ya ɗauki mai tsoka a matsayin wanda Allah ya rufa wa asiri. A da masu teɓa a gari ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: basarake, babban falke, sai wata uwargida a gidan wadata. Sauran jama'a kuwa, fartanya da taɓarya da guga sun hana kitse wurin zama a jikinsu.

Na san abin da wani zai ce tun kafin ya gama karanta wannan shafi: "Malam, ana neman abin sawa a baki, kai kana maganar rage ci?" Yana da gaskiyarsa. A Babban Asibitin Gummi, likitocin ƙungiyar MSF suna jinyar yaran da tamowa ta kama. A cikin garin Anka akwai dubban mutanen da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu da rumbunansu. Duk wanda ya je wa waɗannan bayin Allah da wa'azin rage tuwo ya yi rashin ta-ido. Ba da su nake ba.

Sai dai yunwa da ƙiba ba a garuruwa biyu suke zaune ba. Unguwarsu ɗaya, wani lokaci ma gidansu ɗaya: uwa ta yi jiki har tana tashi da ƙyar, yaron da ke bayanta kuma ya tsumbure. Abincin da ya fi saurin dahuwa a yau, wato taliya, farar shinkafa da mai da yaji, burodi da ruwan sukari, yana cika ciki, yana tara wa babba kitse, amma ba ya gina jikin yaro. Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan 'yan kasuwar Inugu ya gano cewa waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin fama da hawan jini da matsalar suga da suka kai wajen shekara arba'in. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan saba da tattali, ran da wadata ta zo sai ta fi ƙarfinsa. To mu dubi kanmu. Magidanta nawa ne a yankin nan suka tashi cikin ƙarancin abinci, yanzu kuma suka samu sukunin shan lemon kwalba kullum? Yaran da ke kwance a Gummi yau, su ma wannan haɗari yana jiransu in Allah ya raya su.

Ga kuma lissafin da ba a cika yi ba. Sau da yawa mai tumbin nan shi ke riƙe da gida, yana ciyar da nasa da na 'yan'uwan da suka gudo daga ƙauye. Ran da ɓarin jikinsa ya shanye, yunwar da yake tsammanin ya baro a baya ita ce za ta fara shigowa gidan.

2. Ciwon da ba ya sallama

Mu a nan bai kamata a sha wahalar ganar da mu cewa abu yana kisa ido bai gan shi ba. A 2010 yara suka riƙa sanƙarewa suna mutuwa a Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru, daga baya aka gano har da Bagega. Da farko an zargi zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Sai da aka auna jini aka gane gubar dalma ce da ke cikin duwatsun zinariyar da ake dakawa a tsakar gida. Yara wajen 400 suka rasu. Iyayensu suna tare da ƙurar nan dare da rana ba su san makashi ba ce, awo ne ya tona ta.

Hawan jini da ciwon suga ma sai da awo. Mutum yana iya yin shekaru jininsa ya haura 140 bisa 90 bai ji ko ciwon kai ba. Bincike-binciken da aka yi a Najeriya suna nuna cewa kusan babba ɗaya cikin uku yana da hawan jini, kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Duk manomin fadama ya san ƙarshen injin ban-ruwan da aka bari yana tura ruwa dare da rana ta cikin tiyon da ya ƙuntace: ko tiyo ya fashe, ko inji ya ƙone. In jijiya ta fashe ko ta toshe a kai, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In zuciya ta gaji da turawa, shi ne kumburin ƙafa da hakin da ke hana kwanciya. Kitsen tumbi kuwa ya fi na cinya sharri nesa ba kusa ba, domin yana lulluɓe hanta da hanji, yana hana jiki jin sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe suga daga jini. Daga nan sai ƙishirwa, yawan fitsari, dishi-dishin ido, gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, a ƙarshe ƙoda ta gaza. Mu muna da ƙarin dalili a kan na kowa: dalmar da ta shiga jikin babba tana ɗaga jini, tana kuma taɓa ƙoda. Duk wanda ya taɓa aikin niƙa ko wankin dutse, awon jini ya zame masa dole ko da siriri ne.

Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma mun ga abin da doguwar jinya take yi wa gida. Mai wankin ƙoda sai an kai shi Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sau biyu ko uku a mako, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. A sayar da shanu, a sayar da fadama, daga ƙarshe a fara kallon gidan da ake ciki.

To yaya mutum zai san ya wuce gona da iri? Ma'aikatan lafiya suna da lissafinsu: nauyinka a kilo, a raba da tsawonka a mita, a sake rabawa da tsawon. In amsa ta kai 25, nauyi ya yi yawa. In ta kai 30, ƙiba ta zama cuta. Wanda ba ya shiri da lissafi, ga hanya mai sauƙi wadda hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta saka cikin shawarwarinta a 2022: zagayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Samu igiya, auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita sama da cibiya kaɗan. Ban da shanye ciki, ba hoto ake ɗauka ba. In bakunan igiya suka ƙi haɗuwa, aiki ya same ka. Mai juna biyu da ƙananan yara ba su cikin wannan awo.

3. Sha-ka-fashe da shayin rage tumbi

Yayin da wasu ke neman yadda za su sauke kitse, wasu da kuɗinsu suke sayo shi a kemis. Biki ya matso, sai gwaggo ta dubi amarya ta ce, "Wagga ɗiya ta cika rama, a gyara ta, kada dangin miji su ce ba mu ba ta abinci." Ko kuma an yi wa mace kishiya mai jiki, sai ƙawa ta raɗa mata sunan ƙwaya. Sha-ka-fashe ake ce mata, kuma galibi abu biyu ake haɗawa. Ɗaya maganin ƙaiƙayi ne da borin jini, irin su Periactin da Super Apeti, wanda yake buɗe ciki ya kuma sa barci. Ɗayan shi ne deksa, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa da awo a kan asma mai tsanani da wasu kumbure-kumbure. Wadda ta mayar da shi abin sha kullum, fuskarta za ta yi zagaye, wuya da ciki su cika, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Ba tsoka ba ce, ruwa ne da kitse a inda bai dace ba. Ana yaba kyan fuska, a ciki kuwa suga yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana rauni, garkuwar jiki tana faɗuwa, al'ada tana rikicewa, fata tana nankarwa. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Wadda ta daɗe tana shan deksa, don Allah kada ta yanke shi rana ɗaya saboda ta karanta wannan. Jikinta ya riga ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya tana iya kai ta ga suma ko abin da ya fi haka muni. Asibiti za ta je, ta faɗi gaskiyar abin da take sha, a janye mata shi a hankali.

Mu maza kuma kada mu noƙe kamar ba mu san zancen ba. Muddin miji yana yi wa matarsa gorin rama a gaban kishiya, mai kemis ba zai rasa ciniki ba. A Muritaniya an daɗe ana ɗura wa 'yan mata nono da abinci ala tilas don su yi ƙibar aure, mukan ji labarin mu girgiza kai. Namu da ƙwaya muke yi, iyakar bambancin ke nan.

Ita ma rama tana da 'yan kasuwarta. Ga masu tallar shayin rage tumbi a TikTok da Facebook, ga masu lasifika ranar kasuwa, kowa yana rantsuwa cewa kwana bakwai teɓa ta zube. Yawancin irin wannan haɗi filasko ne da dangoginsa masu sa gudawa, ko masu sa yawan fitsari. Sikeli zai nuna an ragu, amma ruwa ne ya fita, kitse yana nan daram. A sha ruwa kwana biyu a koma gidan jiya. Wanda ya lazimci abin ƙodarsa yake wahalarwa. An ma sha kama irin waɗannan kayan a ƙasashe da dama an cusa musu sibutramin, maganin rage ƙibar da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Allurar da ake yayi a waje kuwa, Ozempic da Wegovy, ita tana aiki, amma tana da tsada, tana bukatar firji da kulawar likita, kuma in aka daina yawancin nauyin yakan dawo. A garuruwan da wutar lantarki ta zama baƙuwa, wannan ba hirarmu ba ce tukuna.

4. Kwano

Abin da ke aiki an daɗe da gwada shi. A Amurka an tara mutum 3,234 da suga ya fara yi wa barazana. Wasu aka ba su ƙwayar maganin suga, metfomin, wasu aka sa su gyara ci, su sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su motsa jiki na minti 150 a mako. Da sakamako ya fito a 2002, ƙwaya ta rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin ɗari, gyaran ci da tafiya kuwa da kashi 58. Kashi 7 fa aka ce. Mai kilo 90, wajen kilo shida ake so ya ajiye, babu wanda ya ce ya koma jikinsa na samartaka. A Birtaniya ma, wani gwaji da aka bayyana a 2017 ya nuna cewa kusan rabin masu ciwon sugan da suka bi tsarin rage nauyi a hannun ma'aikatan lafiya, sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda.

Wanda zai fara, ya fara da kofi kafin kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da babba ke sha a yini kada ya wuce kimanin cokalin shayi shida. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da wajen cokali tara. Lemon malt ɗin da muke kai wa mai jego da maras lafiya da sunan ƙarin jini, shi ma cike yake da sukari. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, amma wa naira goma ta taɓa hana shan abin da ransa ke so? Kada kuma a ɗora wa kamfani laifin duka. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙin da ake ƙullawa a gida, da kofi ake zuba musu sukari. Fura ce ma ta fi ba ni tausayi. Asalinta gero ne da nono da ɗan yaji, a dama a sha a ɗauki fartanya. Yanzu sai an tsuga mata sukari, an ƙara madarar gwangwani da ƙanƙara, a sha kwarya guda a miƙe ƙarƙashin darbejiya har la'asar.

Hatsinmu ba abokin gaba ba ne. Gero da dawar da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da fulawa da taliya riƙe ciki, suga kuma ba ya tashi da su da gaggawa. Dusar da muke zuba wa awaki, ita hanji ke so. Hoce, tuwon dawa, dambun gero, ɗanwake, fate da ganye, duk abinci ne da ba sai an nemo daga wata ƙasa ba. Amma kada a ruɗi kai. Tuwon dawa ma, in aka ci malmala uku bayan isha'i aka kwanta a kai, kitse yake zama. Akwai masu ciwon sugan da aka ce wa su koma acca ko alkama, sai su share kwano guda suna ganin magani suke sha. Yawa shi ne cutar. Tsarin da masana abinci ke koyarwa mai sauƙi ne: rabin kwano ganye da miya, rubu'i wake ko kifi ko nama ko ƙwai, rubu'in da ya rage tuwo. Mu kuwa akasinsa muka saba, tuwo tuli, miya ɗan shafe.

Ganyen da za a cika rabin kwanon kuwa muna taka shi a bayan gida: zogale, rama, tafasa, yakuwa, alayyafo, lalo, ga kabewa da kuɓewa da kuka. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi kwanon taliyar da ake taƙama da ita amfani ga jiki, amma an raina shi, an ce abincin mata ne da talakawa. Babban mutum zai ji kunyar a gan shi yana cin kwaɗo, ba zai ji kunyar a gan shi ana ɗaga shi a sa a mota zuwa Sakkwato ba. Kifin Gulbin Zamfara, a gasa ko a sa a miya, ya fi a tsoma shi cikin tafasasshen mai. Shi mai, awo da awo, ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu, kuma wajen sa ƙiba man gyaɗa da manja da man shanu duk tafiyarsu ɗaya. Masa, ƙosai, fanke da awara, a bar su su zama na marmari. A wurin mai tsire, a ce ya ba da tsoka ya riƙe tozonsa.

Gishiri ba ya sa ƙiba, amma shi ne babban abokin hawan jini. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba bai kai giram 5 a yini ba, wato kamar cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da kilishi da yajin tsire. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, amma sai a jefa biyar a tukunya, a bi da farin magi, a ƙara gishiri. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna nan. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kakanni mata su ji wannan, su ke riƙe da ludayin.

Wahalar gyaran ci a wurinmu ba rashin sani kaɗai ba ne, kara ce. Ka je gidan suna a ajiye maka kwano, in ka ci kaɗan an ce ka raina. Mai mata biyu ya ci na mai girki, ɗayar ta aiko da ɗan taɓawa, ya cinye shi ma don a zauna lafiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata, amma wani cin ba kwaɗayi ba ne, tsoron ɓacin rai ne. Maganinsa shi ne maigida ya tara iyalinsa ya faɗa musu abin da likita ya ce, a gyara tukunyar gidan baki ɗaya. Tukunya biyu ba ta ɗorewa. Addini ma yana bayanmu: kowane ɗalibin zaure ya san ladabin raba ciki uku, na abinci, na ruwa da na numfashi, ya kuma san azumin Litinin da Alhamis. Abin mamaki, wasunmu da ƙarin nauyi suke fita daga watan Ramadan, saboda abin da ake jerawa a tabarma daga magariba zuwa sahur. Mai shan maganin suga dai ya shawarci likita kafin ya ɗauki azumi, don kada suga ya faɗi ƙasa da shi.

5. Ƙafa

Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, burtsatse ya karɓi na guga, babur ya karɓi na ƙafa. Ba na cikin masu cewa a mayar da mata daka don su samu lafiya, wahalar da Allah ya yaye ta tafi ke nan. Amma motsin da aka rasa sai an biya shi ta wata hanya. Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafin. Mutumin da ke tafiyar awa guda zuwa gona, ya yini duƙe, ya dawo da ƙafa, yau gonar ta gagare shi, yana zaune a majalisa daga hantsi har magariba. Wanda ya rubuta a mujalla cewa a fita bayan gari da asuba a yi gudu, bai san hanyar Anka zuwa Bagega ba. Namu atisayen a cikin gari za a yi shi, da rana tsaka ko da ido na ganin ido.

Abin da ake nema minti 150 ne a mako, wato rabin awa a kwana biyar, da saurin da numfashi zai ɗan ɗaga amma kana iya magana. In rabin awa ta yi yawa, a raba ta minti goma-goma, musamman bayan cin abinci. A taka zuwa masallacin Juma'a. A taka zuwa kasuwa da wurin aiki. A kakkaɓe keken da aka jingine. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, dama aljihu ya tilasta wa da yawa ajiye babur, sai mu ci ribar abin da ba mu so ba. Matsalar ita ce babban mutum ba ya tafiya taki ashirin ba a tsaya masa ba: "Ranka shi daɗe, ina mashin? Hau in kai ka." Sai ya yi godiya ya ce tafiyar ce yake so, in an ji sau uku za a saba.

Gaskiya guda da masu tallar motsa jiki ba sa faɗa: tafiya ita kaɗai ba ta sauke nauyi sosai. Rabin awa na tafiya da sauri, abin da take ƙonawa bai wuce abin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya ba. Wanda ya zagaya gari ya dawo ya saka wa kansa da lemo mai sanyi ya yi aikin baban giwa. Amfanin tafiya yana wani wurin: tana sauke jini, tana taimaka wa jiki sarrafa suga, tana gyara barci, tana hana nauyin da aka sauke dawowa, ko da sikeli bai nuna komai ba a farko.

Mata su suka fi shiga matsi, kuma su aka fi mantawa. Matar da ke cikin kulle, duniyarta daga ɗaki ce zuwa madafi. Zagayen tsakar gida da sauri, tsallen igiya, tashi-zauna a jikin bango, duk suna yiwuwa ba tare da an leƙa waje ba. Makarantun Islamiyya na matan aure da ke da katanga suna iya ware rubu'in awa kafin karatu. Mijin da ke ganin abin zubar da mutunci ne, ya tambayi malaminsa labarin tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha.

Mai shekaru, mai ciwon gwiwa, da wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya yi sauri, su ga likita kafin su fara. Sannu ba ta hana zuwa: rabin kilo zuwa kilo guda a mako ya isa. Ramar da ta zo ba a neme ta ba kuwa, musamman tare da ƙishirwa, tari ko zufar dare, wannan ba nasara ba ce, alamar ciwo ce, asibiti take bukata.

6. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya

Lokacin rigakafin shan inna da lokacin kwashe ƙasar dalma, sai da sarakuna, hakimai da limamai suka sa baki kafin jama'a suka buɗe ƙofofinsu. Masarautun Anka, Gummi da Bukkuyum suna iya yin haka a kan wannan. Huɗuba ɗaya a kan sha-ka-fashe za ta shiga gidajen da ma'aikacin lafiya ba zai taɓa shiga ba. Hukumar NAFDAC da masu sa ido kan kemis-kemis su daina kau da kai daga masu sayar da deksa ba takardar likita. Ranar hawan jini ta duniya, 17 ga Mayu, da ta ciwon suga, 14 ga Nuwamba, su sauko daga ɗakin taro na Gusau zuwa kasuwannin Nasarawar Burkullu da Ɗaki Takwas.

Ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum kuwa, abin da nake roƙonsu bai kai kuɗin taron siyasa guda ba. A sayi na'urar awon jini mai batir, a ajiye a kowane ɗakin shan magani da kowane masallacin Juma'a. Bayan sallama, ma'aikacin lafiya ya zauna a inuwa ya auna duk mai so, ya rubuta masa lambarsa a takarda. Ma'aikaciya kuma ta yi wa mata haka a Islamiyya. Wanda lambarsa ta haura 140 bisa 90 Juma'a biyu a jere, a ba shi takarda ya tafi asibiti ranar Litinin.